Ɗumin Ƙarya na Watan Amshir

Bana sanyi ya bar Alƙahira kamar baƙon da ya ci amana, ba sallama, ba waiwaye. Wata ranar Talata da bargo biyu muka kwana, kafin Juma'a ta zagayo sai ga jikokina suna faɗa a kan wanda zai zauna gaban fanka. Da na ga matar ɗana ta tattara barguna za ta wanke ta cusa su saman kabad, na ce mata ta dakata tukuna, sanyin garin nan ba ya tafiya a karon farko, sai ya yi kamar ya tafi ya dawo. Ta ɗauko waya ta shafa, ta nuna mini wasu 'yan hotunan rana a jere, ta ce, "Mama, khalas, shi ke nan, sanyi ya wuce." A raina na ce za ki gani. Na jira mako guda, na jira na biyu. Abin da ya zo wani zafi ne mai nauyi, mai warin hayaƙin mota da bola, irin wanda a da sai tsakiyar bazara ake ganinsa. Waya ta yi gaskiya, ni mai furfura na zama mai zancen banza a gaban yara. Abin ya ci mini rai, don ilimin nan da aka yi wa dariya ba a banza na same shi ba.

Ina yarinya ɗanya aka kawo ni garin nan, amaryar ɗalibi. Malam, Allah ya jiƙansa, yana karatun fiƙihu a babbar jami'ar addini, ni kuma ban san komai a Larabci ba sai abin da nake salla da shi. A lokacin Hayyin Ashir ɗin nan da muke ciki yanzu, da ba ka iya miƙa hannu ta taga ba ka taɓa shanyar maƙwabci ba, rairayi ne da karnukan daji. Mu a tsohuwar unguwa muka zauna, can gindin dutsen Muƙaɗɗam, a wani gida mai hawa biyar da matakalarsa ta siɗe saboda tsufa. Ɗakinmu yana hawa na huɗu. Da safe ba agogo ke tashinmu ba. Bayan kiran salla sai ƙarar ƙafar jakin mai dafaffen wake, sai mai madara yana kaɗa ƙararrawar kekensa, sai risho ya fara huci a kowane ɗaki, gidan duk ya ɗau warin kananzir da shayi. Rufin benen kuwa na matan gidan ne. A can ake wanki, a can ake shanya, a can ake tsince shinkafa da gulma. Daga can mutum yana ganin hasumiyoyin masallatai har ya gaji da ƙirga, in gari ya yi wasai kuma har dalar Fir'auna ana hangowa can yamma, 'yar ƙarama kamar tulin gero.

A rufin nan na san Habboba. Haka kowa ke kiranta, wato kaka a bakin mutanen Sudan, ban kuma taɓa jin wanda ya kama sunanta na yanka ba. Bahaushiya ce, amma ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakanninta ne suka taso aikin hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna. Mijinta mai koro raƙuma ne daga can zuwa kasuwar Masar, shi ya kawo ta, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Tana zaune a wani ɗan ɗaki a ƙasan bene, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta, tana haɗa turaren wuta tana yi wa amare lalle. Ranar da ta ji ina yi wa kaina mita da Hausa a kan igiyar shanya, ta ajiye abin da ke hannunta ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "'Yar nan, daga gida kike?" Hausarta irin ta kakata ce, da kalmomin da mu mun riga mun yar, gauraye da Larabcin Sudan. Tun daga ranar na samu uwa.

Kullum hantsi sai ta hau matakalar nan hawa biyar, tana dafa bango tana hutawa, ba don wanki ba, don ta duba gari. Ita ta fara gaya mini cewa manoman Masar suna da nasu watannin tun zamanin kakannin kakanni, ta koya a wajen matan ƙauyen da ke kusa da kasuwar raƙuma. Akwai Ɗuba, watan da ruwan tulu ke cizon haƙori, wanda suke cewa yana mai da budurwa tsohuwa. Bayansa sai Amshir, sarkin iska, wanda ba shi da alƙawari. Sai Baramhat, lokacin da gona ke cika, kasuwa ta yi kore. Ba ta da takarda, da ido da hanci take aiki. In hayaƙin gidan burodi ya miƙe sak, ta ce a yi wanki. In ya kwanta ya nufi arewa, ta ce iskar kudu ta taso, a rufe tukwane. Tana duban shirwa, da suke da yawa a sararin garin nan a lokacin, ta san ko sama ta natsu. Tana duban tattabarun maƙwabta, in sun ƙi yin nisa da ɗakinsu ta ce akwai magana. Mai gasa dankali a bakin layi ma alama ne a wajenta: muddin kurarsa na hayaƙi, sanyi na nan. Ranar da ka neme shi ka rasa, ka kuma ji masu ɗanyar tafarnuwa suna shela, iska ta fara kawo ƙanshin furen lemo daga gonakin bayan gari, to a nan ne take cewa a shanya katifu a naɗe barguna.

Yau ina za ka ga wannan? Shirwa sun ƙaura ko sun mutu, ban sani ba, na dai shekara da shekaru ban ji kukan ko ɗaya ba. Gonakin da ke aiko mana da ƙanshi an shuka musu jan bulo, benaye tsirara ba ko yaɓe, sun tsaya kamar ruɓaɓɓun haƙora. Rufin gidan da muke ciki yanzu mai gida ya garƙame shi da kwado, ya cika shi da tankuna da farantan talabijin da tsofaffin kujerun da ɓeraye suka gada. Ranar da na roƙi mai gadi ya buɗe mini, na hau da ƙyar, na duba gabas na duba yamma, ban ga komai ba sai wani hazo ruwan toka da ya zauna a kan garin kamar murfin tukunya. Hayaƙin da zan duba ya nufi ina? Ko'ina hayaƙi ne. Dankali ana gasa shi har cikin zafi, tafarnuwa tana nan shekara duka a cikin raga, lemo da kankana suna zaune a tire ɗaya kamar ba su san lokacinsu ba. In ka bi layi, na'urorin sanyaya ɗaki na tofa maka ruwa a ka daga kowane hawa. Mutane sun rufe tagoginsu sun ƙera nasu yanayin a cikin ɗaki, sun bar wa talaka da tsoho na waje, wanda suka ɓata.

Shekarata ta biyu a garin na haifi ɗan fari, wanda har yau ba na kama sunansa. A gida da kakarsa ce za ta ɗauke shi, ni in riƙa kau da kai don kunya, amma a nan ba ni da mai karɓa sai Habboba. Yana da wata biyar muka shiga Amshir. Ɗuba ta shekarar ta gasa mana aya a hannu, kwana arba'in ban ga bargunanmu sun sha ruwa ba, duk sun ɗau ƙarnin nono da fitsarin jariri, ni kuma mace ce mai ƙyanƙyami. Sai aka wayi gari rana ta fito garau. Washegari ma haka. A rana ta uku har gumi na yi ina shara. Na tattara bargunanmu uku, da rigunan ulu na yaron, da hulunansa, da safarsa, ban bar ko ɗaya ba, na kinkima zuwa rufi na fara jiƙawa.

Habboba ta iso tana haki, ta tarar na riga na tsoma na biyu. Ta dubi baho, ta dubi yaron da na kwantar a tabarma da 'yar shimi, ta dubi kudu ta daɗe. Ta ce in bar na ukun a bushe, in kuma mayar wa yaro rigarsa, wannan ɗumin na ƙarya ne, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Na yi dariya na ce Habboba ke dai kin cika tsoro, dubi rana fa. Daidai nan Malam ya hauro da guga biyu na ruwa da ya taya ni ɗauka kafin ya tafi makaranta. Saurayi ne a lokacin, karatu na tashe a kansa, komai sai ya auna shi da littafi. Ya ce mata cikin ladabi, amma da ɗan murmushin nan na masu sani, wai wannan lissafin watannin manoma camfi ne, ba wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi sai Allah.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Ɗana, ban ce na san gaibu ba. Wanda ya ga hadari ya kwashe shanya ba duba ya yi ba, ido Allah ya ba shi."

Ya yi dariya ya sauka. Ni kuma, da na samu goyon bayan mai gida, na tsoma bargo na uku.

Kafin la'asar sararin kudu ya koma ruwan ɗorawa. Tattabaru suka shige. Iska ta taso ta fara kaɗa ƙofofi, tana cusa rairayi ta kowace kafa har mutum ya ji shi a haƙori. Na goya yaron na hau rufi a guje don in kwashe kaya, iska na fizgar zani, shi kuma ba komai a kansa. Barguna jiƙaƙƙu sun yi nauyin gawa, ban iya sauke su ni kaɗai ba. Ina cikin kokawa da su ruwa ya sauko, ba ruwan kirki ba, taɓo ne zalla daga sama, bayansa kuma wani sanyi ya biyo wanda ya fi na Ɗuba mugunta. Muka kwana da zannuwana da babbar rigar Malam, risho na ci har kananzir ya ƙare. Da gari ya waye yaron ya ƙi kama nono. Zuwa hantsi jikinsa ya yi zafi zau, numfashinsa na fita da wani ƙara kamar ana yaga tsumma, haƙarƙarinsa na lotsawa. Malam ya riga ya fita, ranar suna da jarrabawa.

Na sauka da gudu na buga wa Habboba ƙofa. Ko kalma ɗaya ba ta ce mini a kan jiya ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta janyo bargon da ke kan gadonta, wani mai kauri na gashin raƙumi da mijinta ya bari, ta naɗe shi a ciki, ta ce yalla, mu tafi. Ita ta tare mota, ita ta yi magana da likita a asibitin yara, ni ina tsaye kamar gunki, ba na gane komai sai fuskokinsu. Likitan ya ce sanyi ya kama huhun yaron, da mun ƙara yini ɗaya da sai dai haƙuri. Aka ba mu gado a wani dogon ɗaki da gilashin tagarsa ya fashe an toshe da kwali. Da za ta koma gida na miƙa mata bargonta, ta ture hannuna, ta ce a bar wa yaro, tana da wani.

Kwana shida muka yi. Malam na zuwa kullum daga makaranta ya zauna a bakin gado, ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma ba na iya haɗawa da shi. Habboba ta zo a rana ta biyu da kunu a kwano, daga nan ba ta sake zuwa ba, na ɗauka nisa ne da tsufa. A rana ta huɗu yaron ya kama nono. Ranar da aka sallame mu, tun kafin in hau sama na tsaya a ɗakinta don in mayar mata da kayanta in nuna mata jikanta. Na tarar da ita a kwance ta lulluɓa da mayafanta biyu da dardumar salla, ta ɗora wani buhun gawayi da ta zazzage a kan ƙafafunta. Ba ta da wani bargo. Ba ta taɓa samun wani ba. Ɗakin nan na ƙasa ko da rani bangonsa jiƙe yake, a ciki ta yi kwanakin nan shida, tari na neman tsaga mata ƙirji.

Malam da ya sauko ya ga haka, sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ya cire hularsa, ya ce, "Habboba, ki yafe mana."

Ta ce, "Me zan yafe? Amshir ne, haka yake yi. Tashi ka miƙo mini yaron in gani."

Mun yi jinyarta har bayan tafarnuwa ta shigo kasuwa. Ta tashi, amma ƙirjin bai koma daidai ba, hawa ɗaya in ta yi sai ta zauna tana neman numfashi. Rufin nan da ta shekara talatin tana hawa ya fi ƙarfinta. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai in na kawo mata koko da safe in ga tana leƙen 'yar tagarta, wadda ba ta nuna komai sai bango. Wata rana na kasa jurewa, na hau rufi na tsaya jim, na sauko na ce mata na dubo mata gari. Ta gyara zama ta ce me na gani. Na ce na ga sama, da rana. Ta ja dogon tsaki, ta ce sama ai ko jaki yana da ita, in koma in dubo mata hayaƙin gidan burodi, da launin kan dutse, da ko raɓa ta kwanta a kan igiya. Sau uku ta mayar da ni ranar, da goyo a bayana.

Haka muka yi shekara uku. Kowace safiya in hau hawa biyar in sauko in ba da labari, ita kuma ta fassara. Ta koya mini bambancin hazon kogi, mai tashi da hantsi, da jan hazon sahara mai zuwa da ciwon ido. Ta koya mini in lasa yatsa in ɗaga. Ta koya mini cewa bayan Amshir ya fita akwai sauran wasu 'yan kwanaki masu cizo da Misrawa ke kira sanyin tsohuwa, sai sun wuce ake sakin jiki. Malam kansa, wanda ya ce camfi ne, ya koma in zai fita sai ya leƙa ɗakinta ya tambaya ko ya ɗauki rigar sanyi. A shekara ta uku, wata safiya na sauko na ce mata shirwa sun yi sama sosai, iska daga arewa take mai laushi, na kuma ji ƙanshin lemo, saboda haka yau zan shanya katifu. Ban jira ta fassara ba. Ta dube ni, ta ce, "Tamam. Kin iya, 'yar nan. Gobe ki huta da matakala." Ban huta ba, na ci gaba da kai mata labari, amma ba ta ƙara gyara mini ba. Kafin zafi ya kankama ta rasu, da rana tsaka, kanta a cinyata.

An binne ta a maƙabartar gindin dutse, a wani ɓangare da wani bawan Allah ya bayar sadaka don baƙi marasa dangi. Duk shekara in sanyi ya tafi da gaske nakan je in yi mata addu'a, a da tare da Malam, bayan rasuwarsa kuma da yaron nan da ta naɗe a bargo, wanda yanzu gemunsa ya yi fari. Shekara biyu ciwon gwiwa ya hana ni. Bana, da takaicin nan ya ishe ni, na matsa masa ya ɗauki tasi ya kai ni. Muka yi ta zagaye, direba na tsaki, ni ina cewa nan ne, ga hasumiyar da nake alama da ita can. Hasumiya tana nan. Inda maƙabartar take kuwa wata ƙatuwar gada ce ta bi ta kai, motoci na gudu a sama kamar ana korarsu. Muka sauka. Wani mai shayi da ya kafa teburinsa a jikin ginshiƙi ya gaya wa ɗana cewa an yi sanarwa, masu dangi sun zo sun kwashe nasu an kai su can bayan gari. Ɗana ya tambaye shi marasa dangi fa. Mutumin ya buɗe tafin hannunsa ya juya shi, ya ci gaba da ɗauraye kofuna.

Ɗana ya riƙe kafaɗata ya ce, "Mama, addu'a tana isa ko daga ina ne." Na ce na sani. Na tsaya a tsakanin leda da kashin karnuka, na fuskanci inda nake zaton nan ne, na karanta abin da ya sawwaƙa, ƙarar motoci ba ta bar ni na ji muryar kaina ba. Da na shafa, sai na ɗaga kai don in duba gari, abin da jiki ya saba. Babu sama a wurin, ƙarƙashin gada ne baƙi ƙirin, wani ruwa mai wari na tsatsowa daga tsagar siminti. Ya ɗigo mini a goshi. Na goge da bakin mayafi, na ce wa yaron ya mai da ni gida.